Tsohuwar motar soja a hannun farar hula: dole ne ta tsaya a tashar awo a Amurka?

Idan farar hula ya sayi tsohuwar babbar motar soja a gwanjo, ya yi mata rajista da sunansa, ya hau babban titi, sai ga allo a gabansa yana umartar manyan motoci su ratse su hau sikeli, shin har da shi ake? Ko kuwa ya taka mai ya wuce abinsa, tunda ba haya yake yi ba, ba kuma kayan kowa ya ɗauko ba?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masu irin waɗannan motoci a Amurka. Wani zai ce maka shekara da shekaru yana wuce tashoshin awo, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Wani kuma zai ce an bi shi da jiniya, an juyo da shi, an rubuta masa tara. Su biyun duka suna iya zama masu gaskiya, domin ba doka ɗaya ce take aiki a kansu ba. Akwai ta tarayya, akwai ta jihar da aka yi wa motar rajista, akwai kuma ta jihar da tayoyin motar suke takawa a wannan lokacin. Yawancin ruɗanin daga cakuɗa waɗannan ukun yake tasowa.

Waɗanne motoci ake nufi?

Mai karatu a Najeriya zai iya jin abin banbarakwai, domin a nan tun zamanin mulkin soja akwai dokar da ta hana farar hula fenta motarsa da koren soja. A Amurka kuwa gwamnati ce da kanta take sayar da motocin da rundunoninta suka gama da su. Wani sashe na hukumar DLA, mai kula da kayan aikin ma'aikatar tsaro, wanda hedikwatarsa take Battle Creek a jihar Michigan, shi ne yake fitar da su, sannan kamfanin GovPlanet ya yi gwanjonsu ta intanet. Wanda ya ci gwanjo yakan sa hannu a takardar da ke bayyana abin da zai yi da motar, ya kuma nemi wata takarda mai suna SF-97, wadda da ita zai je ofishin rajista na jiharsa ya karɓi shaidar mallaka.

Wadda ta fi yawa a hannun jama'a ita ce M35, wadda kamfanin REO ya tsara a 1949, ta yi yaƙin Koriya, ta yi na Biyetnam. Sojoji suna kiranta "biyu da rabi" saboda tan biyu da rabi aka ƙiyasta za ta ɗauka a cikin jeji. Tayoyinta goma, aksul uku, wato ƙarfen nan da yake haɗa tayar hagu da ta dama: ɗaya a gaba, biyu a baya. Nauyinta ba kaya wajen laba 13,000 ne, kilo 5,900 ke nan. A kan kwalta an yarda ta ninka kayan da take ɗauka, sai jimillar ta kai wajen laba 23,000. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Sai yayarta mai tan biyar, dangin M939, waɗanda kamfanin AM General ya fara ƙerawa a shekarun 1980. Waɗannan ko ba kaya sun haura laba 21,000, da kaya kuma sun wuce 30,000, birkinsu na iska ne zalla irin na tirela. Akwai kuma LMTV ta shekarun 1990, mai aksul biyu, wadda masu son yawon jeji suke ɗora wa ɗaki a baya da gado da wurin girki. Humvee, wadda aka fara sayar wa jama'a a ƙarshen 2014, ba ta cika shiga wannan muhawara ba don ƙarama ce. Ita matsalarta samun lamba ce tun farko.

Masu saye iri-iri ne. Akwai masu sha'awar tarihi da suke fita fareti ranar tunawa da mazan jiya, akwai manoma, akwai masu jigilar itace, akwai mazauna yankunan ambaliya. Lokacin guguwar Harvey a 2017 an ga masu irin waɗannan motoci suna shiga unguwannin Houston da ruwa ya cinye suna kwaso mutane. Wannan bambancin masu sayen ba ƙaramin abu ba ne, domin mota iri ɗaya, fenti iri ɗaya, hukuncinta yakan sauya gwargwadon abin da mai ita yake yi da ita.

Me ake nema a tashar awo?

Abin ban sha'awa, manyan titunan da ake karewa da waɗannan tashoshi suna da tushe a cikin motocin soja. A 1919 rundunar sojan Amurka ta tura ayarin motoci daga Washinton zuwa San Faransisko don a ga ko hanyoyin ƙasar za su ɗauke su. Sai da suka yi kwana 62, suna karya gadojin katako suna gyarawa. Cikin hafsoshin da suka yi tafiyar akwai wani matashi, Dwight Eisenhower. Shi ne, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar 1956 da ta kafa manyan titunan da suka haɗa jihohi, kuma dokar ta zo da iyakar nauyi tun ranar farko.

Injiniyoyi sun gina titunan gwaji a Ottawa ta jihar Illinois, daga 1958 zuwa 1960 suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har kwalta ta farfashe. Abin da suka gano shi ne ɓarnar da aksul yake yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. Idan ka ninka nauyin da ke kan aksul sau biyu, ɓarnar takan ninku wajen sau goma sha shida. Shi ya sa ba jimillar nauyi kawai ake aunawa ba, har da na kowane aksul. Iyakar tarayya a yau ita ce laba 80,000 gaba ɗaya, wajen tan 36, da laba 20,000 a kan aksul guda, da 34,000 a kan tagwaye.

To, a gwada waɗannan da M35. Ko an cika ta maƙil, duk nauyinta bai kai abin da aka yarda tagwayen aksul na tirela su ɗauka ba. Mai tan biyar ma haka. Ke nan da awo ne kaɗai ake yi a tashar, da mai tsohuwar motar soja ba shi da abin fargaba, ya hau sikeli ya sauka.

Amma tashar ta wuce nan. A wurin ne ake duba lasin direba da takardar lafiyarsa, da littafin da ke nuna awa nawa ya yi yana tuƙi, da inshora, da harajin mai, da birki da taya da fitilu. Jihohi irin su Oregon, Kentaki, New Mexico da New York suna karɓar haraji bisa nauyi da nisan tafiya, a nan ake kama wanda bai biya ba. Jami'ai suna bin tsarin bincike na ƙungiyar CVSA ta masu binciken manyan motoci, wadda ta haɗa Amurka da Kanada da Meziko, kuma suna da ikon hana mota motsawa daga inda take sai an gyara abin da suka gani. Wannan ne ainihin abin da masu tsofaffin motocin suke gudu: kada a auna motar 1968 da ma'aunin da aka tanadar wa tirelar kamfani.

Alfarmar soja ba ta bin motar

Kuskuren farko, wanda ya fi sauƙin warwarewa, shi ne zaton cewa koren fenti da tauraro a ƙofa suna ɗauke wa mota dokar hanya. Gaskiya ne dokar tarayya ta ɗauke wa soja buƙatar lasin tuƙin kasuwanci idan yana tuƙa motar runduna a bakin aiki, kuma motocin gwamnati suna da rangwame a dokokin sufuri. Sai dai rangwamen na mutumin ne da aikin da yake yi, ba na ƙarfen ba. Kamar tsohon soja ne da ya yi ritaya: kakin yana nan rataye a ɗaki, amma a shingen bincike layi zai bi da kowa. Ranar da aka buga gudumar gwanjo, motar ta zama babbar mota kawai a idon doka.

Mai yiwuwa dalilin da ya sa wasu suke wucewa lafiya shi ne jami'in da ke cikin tashar ya hango koriyar mota ya ɗauka ta rundunar tsaron jiha ce. Wannan sa'a ce, ba izini ba.

Lambobi biyu na tarayya

Hukumar FMCSA mai kula da kiyaye haɗurran manyan motocin kasuwanci, wadda aka kafa a 2000 a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, tana aiki da lambobi biyu da kowane direban babbar mota a Amurka ya haddace.

Ta farko 10,001. Duk motar da nauyin da masana'anta ta ƙayyade mata, ko nauyinta na zahiri, ya kai laba 10,001, wajen kilo 4,500, kuma ana amfani da ita a harkar kasuwanci tsakanin jihohi, ta shiga ƙarƙashin dokokin tarayya na kiyaye haɗurra. Sai ta sami lambar ma'aikatar sufuri a jikin ƙofa, direba ya yi gwajin lafiya, a riƙa rubuta awannin tuƙi. Ta biyu 26,001, wajen kilo 11,800. Daga nan ake buƙatar lasin tuƙin kasuwanci, CDL, wanda dokar 1986 ta kawo, ya zama wajibi a duk ƙasar daga 1992.

M35 da labarta 23,000 ta haura lamba ta farko, ta tsaya ƙasa da ta biyu. Mai tan biyar ta haura duka. Wasu suna cewa birkin iska shi kaɗai yana wajabta CDL. Ba haka ba ne. Nauyi ne da irin aikin suke wajabta shi, birkin iska jarrabawa ce ta daban ga wanda ya riga ya shiga neman lasin.

Amma a lura da sharaɗin da ke maƙale da lambobin biyu: kasuwanci. Dokar ta fito fili ta ware mutumin da yake ɗaukar kayansa na kansa jefi-jefi, ba don a biya shi ba, ba kuma don ciyar da wata sana'a gaba ba. Wanda ya ɗauki iyalinsa da tanti zuwa bakin tafki, ko ya tafi taron masu tsofaffin motoci, yana cikin wannan keɓewar. A nan ne masu cewa "ba ruwana da sikeli" suke kafa hujjarsu, kuma a matakin tarayya suna da gaskiya.

Amma tashar ta jiha ce

Inda gizo ke saƙar shi ne gwamnatin tarayya ba ta da tashar awo a kan waɗannan tituna. Jihohi ne suke gina su, jami'ansu ne a ciki, kuma dokar kowace jiha ce take faɗin wanda zai ratse. Babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya da ta ce wane ya tsaya, wane ya wuce.

Wasu jihohi allonsu cewa yake motocin kasuwanci su shiga. Wasu cewa yake duk babbar motar da ta haura nauyi kaza ta shiga, ba tare da ambaton kasuwanci ba. Adadin ma ba ɗaya ba ne: da yawa suna farawa daga laba 10,000, wasu daga 16,000, wasu sai 26,000. Idan allo ya ce duk babbar mota sama da laba 10,000, to ba a tambaye ka ko haya kake yi ba. An tambaye ka nauyinka ne kawai, kuma M35 ko wayam take ta haura.

Kalifoniya ta fi kowace jiha nuna yadda mutum zai iya faɗawa tarko yana ganin yana kan daidai. Sashe na 2813 na dokar motocinta ya ce duk direban motar kasuwanci ya tsaya inda 'yan sandan babban titi suka kafa allon bincike, kuma ƙin tsayawa laifi ne da ake iya gurfanar da mutum a kansa, ba tara ce kawai ba. Mai motar soja zai ce ai tasa ba ta kasuwanci ba ce. Sai a buɗe masa sashe na 260, inda jihar ta fayyace cewa duk motar da aka ƙera musamman don ɗaukar kaya, motar kasuwanci ce. Ƙira ake dubawa, ba niyyar mai ita ba. Da wannan ma'anar har ƙaramar akori-kura ta gida ta shiga, shi ya sa ake ƙara wani allo a tashoshin jihar da ke cewa ban da akori-kura. Ita kuma akori-kurar an yi mata iyaka: ƙasa da laba 11,500, da buɗaɗɗen bodi da bai wuce ƙafa tara ba. M35 ba ta kusa da wannan. Ko wanda ya yi hayar motar kwasar kaya don ya tashi daga wani gida zuwa wani, a Kalifoniya ana sa ran ya ratse.

Filorida kuma tana da wani nau'in tasha daban, ta binciken amfanin gona, a kan manyan titunan da ke shiga jihar. Ma'aikatar gona ce take gudanar da su don tare cututtukan tsirrai da na dabbobi, kuma manyan motoci da masu jan tirela suna tsayawa ko da kayan gida suka ɗauko. Mutum zai iya samun kuɓuta daga sikeli amma wannan ta kama shi.

A ina kasuwanci yake farawa?

Ko a jihar da ta taƙaita umarninta ga motocin kasuwanci, iyakar ba ta inda mutane suke zato. Da yawa suna manna rubutu a ƙofa cewa motar ba ta haya ba ce, su ɗauka sun gama. Rubutun ba ya ɗauke komai. Doka ta san mai ɗaukar kayan wasu don kuɗi, ta kuma san mai ɗaukar kayan sana'arsa a motarsa, duka biyun 'yan kasuwa ne a wurinta. Magini da ya loda bulo da siminti zuwa inda yake kwangila, kasuwanci yake yi. Wanda ya sare itace ya kai wa maƙwabci aka ba shi dala hamsin, kasuwanci ya yi. Mai gidan abinci da ya rubuta sunan shagonsa a jikin motar ya shiga fareti, talla yake yi, talla kuwa ciyar da sana'a gaba ce. Wanda ya ba masu shirya fim hayar motar, shi ma haka.

Hukumar tarayya ta taɓa yin bayani a kan masu zuwa gasa, irin masu dawaki da masu motocin tsere, kuma bayanin ya dace da masu kai motocin soja baje koli. Cin kyautar kuɗi shi kaɗai ba ya mai da abin sha'awa kasuwanci, muddin mutum ya bayyana kuɗin a cikin harajinsa na yau da kullum, bai cire kuɗin mai da gyara a matsayin ɗawainiyar sana'a ba, kuma babu kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Wato takardar harajin mutum tana iya zama shaida a kansa. Ba zai yiwu ya gaya wa hukumar haraji motar ta aiki ce don a rage masa, sannan ya gaya wa ɗan sanda ta wasa ce ba.

Manoma suna da nasu sassauci tun dokar 2012. Motar gona mai lambar gona ba ta buƙatar CDL ko littafin awanni. Idan ta haura laba 26,001, sassaucin yana aiki ne a cikin jiharta ko a tazarar mil 150 daga gonar. Amma wannan bai taɓa iyakar nauyi ba, bai kuma goge allon jiha ba.

Sai irin lambar da ke jikin motar. Jihohi da yawa suna ba motar da ta shekara 25 lambar kayan tarihi, Tekzas ma tana da rukuni na tsofaffin motocin soja. Kuɗinta kaɗan ne, kuma jami'i yana ganinta ya san ba ɗan jigila ba ne. Farashinta shi ne an taƙaita amfani: fareti, baje koli, taron ƙungiya, zuwa wurin gyara. Wanda ya loda tsakuwa a motar da ke ɗauke da lambar tarihi ya karya wata dokar daban. Wanda kuma ya mai da tasa ɗakin kwana, aka sauya mata rajista zuwa motar shaƙatawa, ya fi kowa samun sauƙi, domin yawancin jihohi ba sa kiran irin waɗannan zuwa sikeli.

Aksul na uku

Akwai wani abu a jikin M35 da yake jawo mata abin da nauyinta bai jawo ba. Yarjejeniyar harajin mai ta IFTA, wadda jihohin Amurka da lardunan Kanada suke raba kuɗin mai da ita, ta shafi motar da ta haura laba 26,000, ko kuma mai aksul uku komai rashin nauyinta. An ware motocin shaƙatawa, amma mai amfani da M35 a sana'a yana tsallaka iyakar jiha ya shiga ciki, duk da motar ba ta kai 26,000 ba. A Kalifoniya kuma mota mai aksul uku da ta haura laba 6,000 ta wuce ƙaramin lasin da kowa yake riƙe da shi, sai da lasin aji na B.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu suke cire aksul ɗaya na baya, su gajarta firam, su ɗora ƙaramin bodi. Motar ta koma mai ƙafa huɗu, ta fi sauƙin juyawa, ta kuma fita daga waɗannan tanade-tanade. Masu kishin tarihi suna ganin wannan ɓata kayan gado ne, ni ma ina ganin motar takan rasa kwarjininta, amma na fahimci lissafin.

Wata matsalar kuma ita ce farantin bayanai. Motocin soja ba a ƙera su bisa ƙa'idojin motocin farar hula ba, an ɗauke musu wannan tun a masana'anta. Ba su da lambar jiki mai harafi da adadi 17 irin ta sauran motoci, kuma farantin da ke gaban direba yakan nuna nauyi biyu, na jeji da na kwalta. Wanne jami'i zai ɗauka? A M35 duka biyun suna ƙasa da 26,001, sai dai idan an ja tirela mai nauyi a baya, lissafin ya sauya. Ga mai tan biyar kuwa ba wata dabara, ta haura ta kowace fuska, kuma jihohi irin Tekzas suna neman lasin babban aji ko da motar ta amfanin kai ce.

Masu shiga da masu wucewa

Masu cewa a wuce suna da hujjoji da ba za a raina ba. Suna cewa tashar an yi ta ne don 'yan jigila, shigar ɗan sha'awa ɓata lokacin kowa ne, layin tirela yana iya miƙewa har kan titi. Sun ƙara da cewa shiga tana iya zama kai kai ga wanda bai neme ka ba. Jami'in da bai taɓa ganin motar soja a hannun farar hula ba zai iya tambayar lambar ma'aikatar sufuri da takardar lafiya, ya rubuta tarar da sai an je kotu za a soke ta. Ka yi nasara a kotun, amma ka rasa yini biyu da kuɗin lauya, wataƙila a jihar da ba taka ba.

Masu cewa a shiga suna duban ɗaya gefen. Tashoshi da yawa yanzu suna da sikeli a binne cikin kwalta, wanda yake auna mota tana tafiya. Da an ga nauyinka bai kai komai ba, sai a kunna maka koriyar fitila ka koma titi, abin bai fi minti biyu ba. Idan kuwa ka wuce aka biyo ka, ka haɗu da jami'in da ya bar aikinsa ya taso, kuma ba zai koma ba tare da ya leƙa ƙarƙashin motar ba.

A ganina na biyun sun fi kusa da daidai, amma ba don tsoron tara kawai ba. Motocin nan tsofaffi ne, kuma suna da lahani da masu su suka fi kowa sani. Yawancin M35 layin birki ɗaya gare su. Bututu ɗaya ya fashe, duka tayoyin sun rasa birki lokaci guda. Dangin M939 kuwa sun yi ta kifewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta idan ba kaya, har rundunar soja ta taƙaita gudunsu zuwa mil 40 a awa kafin a sa musu na'urar hana taya kullewa. Tayoyi da yawa sun shekara ashirin a ajiye a rana. Soja yana da makanikai da jadawalin duba mota; farar hula yana da ranar Asabar da akwatin sifana. Mota mai tan shida ko goma da take bin bayan ƙaramar motar iyali ba ta rage haɗari don mai ita ɗan sha'awa ne. Wanda yake jin motarsa ba za ta tsallake idon mai bincike ba, matsalarsa ba tashar awo ba ce.

Duk da haka ƙorafin na farkon yana da tushe, kuma jihohi ne ya kamata su gyara. Bai dace a ce mutum mai son bin doka sai ya karanta kundin dokoki hamsin kafin ya gane ko allo da shi yake ba.

Abin da ke cikin tanki

Akwai wani bincike da masu M35 suka fi kowa dacewa su yi hattara da shi. Injin yawancinsu an ƙera shi ya sha kusan duk abin da ya samu a fagen fama: dizal, kananzir, man jirgi, har wasu masu ita suna tace baƙin mai su gauraya. A Amurka dizal ɗin taraktoci da injinan gona ba a ɗora masa harajin hanya, ana zuba masa jan launi don a bambanta shi. Harajin tarayya a kan galan na dizal ɗin hanya santi 24.4 ne tun 1993, ban da na jiha, don haka jan ya fi araha, kuma manomi yana da shi a tanki a bayan gida. Jami'ai sukan zura siririn bututu a tankin mota su ga launin. Idan ja ne a kan titin gwamnati, tarar tarayya dala 1,000 ce ko dala 10 a kan kowane galan, wadda ta fi yawa a ciki. Wannan doka ba ta tambayar ko motar ta kasuwanci ce ko ta fareti.

Kafin a tsallaka iyakar jiha

Jihohi suna mutunta rajista da lasin juna, saboda haka wanda lasinsa ya halatta masa tuƙa motar a gida, galibi ya halatta masa a maƙwabta idan ba sana'a yake yi ba. Allon tasha kuwa ba ya cikin wannan mutuntawar. Dokar mai masauki ce take aiki, kuma tana iya sauyawa sau uku a tafiyar yini ɗaya.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar, irin 'yan ƙungiyar MVPA ta masu adana tsofaffin motocin soja, da suka sake bin sawun ayarin 1919 a shekarar 2009, suke ba sabon shiga shawarar ya nemi sashen 'yan sandan jiha mai kula da manyan motoci, ba ofishin rajista ba, domin su ne a cikin tashar. Ya faɗa musu nauyin motar, da adadin aksul, da irin lambar, da abin da ya ɗauko, ya kuma roƙi amsar a rubuce. Yawancin manyan gidajen man tirela suna da sikelin kuɗi, irin na kamfanin CAT Scale, inda da 'yan daloli kaɗan za a ba shi takardar nauyin kowane aksul. Ya haɗa ta da shaidar mallaka, da inshorar da ta ambaci cewa motar ta amfanin kai ce, da kwafin sashen dokar tarayya da ya ware masu ɗaukar kayansu, ya ajiye su inda hannu zai kai ba sai ya sauko ba.